Yadda Za Ka Ga Tsiro Yana Shan Abincinsa da Idonka, Sannan Ka Ciyar da Shi Daidai

Yawancin masu fara shuka suna ɗauka tsiro yana cin taki ne kamar yadda dabba ke cin abinci a akushi: ka zuba masa a gindi, ya kwashe. Ni ma da wannan tunanin na fara, har sai da na ƙona kunya guda ta tumatir da hannuna. Na zuba musu taki da rana tsaka a busasshiyar ƙasa, na manna shi jikin kara don kada su sha wahalar nema, washegari na tarar da su sun langaɓe kamar an watsa musu ruwan zafi. Tsiro ba shi da baki, ba shi da haƙori. Sha yake yi. Duk abin da bai narke a ruwa ba, ko buhu guda ka juye masa, bai san da zamansa ba.

Ana iya karanta wannan a littafi a manta. Amma gani ya kori ji, shi ya sa nake sa duk wanda ya zo koyon lambu ya fara da waɗannan gwaje-gwaje kafin ya taɓa buhun taki. Matakai huɗu na farko suna ƙarewa cikin mako guda, na biyar da na shida suna cin wata ɗaya ko fiye, na ƙarshe biyun kuma su ne aikin da za ka riƙa yi muddin kana shuka.

Abin da kake buƙatar riƙewa a kai kaɗan ne. A cikin kowane tsiro mai saiwa da ganye akwai hanyoyi biyu. Ta farko tana ɗaukar ruwa da ma'adinai daga saiwa zuwa sama kawai, masana suna ce mata zailam, ni zan kira ta hanyar ruwa. Ta biyu tana ɗaukar sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana ta kai shi duk inda ake bukata, sama ko ƙasa, suna ce mata fuloyam, zan kira ta hanyar sukari.

Kayan aiki

Ka tanadi ƙwayoyin masara kamar 20 da na wake kamar 10, da takardar goge hannu ko auduga, da ƙaramar roba mai murfi. Ka nemo kofuna ko kwalabe masu haske guda shida, da kalar abinci ja ko shuɗiya, da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai, da farar leda wadda ake ganin abin da ke ciki, da zare, da ɗan man girki, da basilin, da gishiri, da dankalin turawa babba ɗaya. Don gwajin kala kana bukatar kara ɗanye mai ganye: seleri, wani kayan lambu mai dogon kara mai ruwa-ruwa, ya fi komai nunawa, idan babu shi farin fure mai dogon kara, ko ganyen kabeji mai farar jijiya, ko ƙaramin karan masara duk suna yi. Sai tukwanen shuka huɗu masu girma ɗaya, da yashi, da ɗan takin kamfa, wato NPK 15-15-15. Gilashin ƙara girma yana taimakawa, amma kyamarar waya idan ka matso da ita tana wadatarwa.

Gargaɗi tun yanzu game da kala: kada ka yi amfani da bular wanki ko fenti. Waɗannan gari ne da ke yawo a ruwa, ba narkewa suke yi ba, ba za su hau kara ba, sai ka ɗauka gwajin ne ya ƙi. Idan ba ka samu kalar abinci ba, tawadar alƙalami irin wadda ke narkewa a ruwa tana yi.

Mataki na 1: Ka ga bakin da tsiro ke sha da shi

Jiƙa ƙwayoyin masara shida da na wake huɗu su kwana a ruwa. Shimfiɗa takarda mai laima a cikin roba, jera su a kai, rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi da duhu. Takardar ta kasance da danshi kawai, kada ruwa ya kwanta, domin iri yana numfashi kuma yana ruɓewa idan ya nutse. Bayan kwana uku zuwa biyar ka buɗe.

Dubi saiwar da ta fito. Ƙarshenta sumul yake, amma ɗan baya kaɗan za ka ga wani farin gashi laushi kamar auduga ya kewaye ta. Masu farawa da yawa suna zubar da gwajin a nan, wai fumfuna ce. Ba ita ba ce. Fumfuna tana kama jikin ƙwayar ne da takarda, tana yin toka-toka ko baƙi ko kore, tana kuma wari. Wannan farin gashin a jikin saiwa kaɗai yake, a jere. Kowane sili ɗaya ƙwayar halitta ce guda tak da ta miƙe, kuma ta nan mafi yawan ruwa da ma'adinai ke shiga. Kaurin saiwa da kake gani a gindin bishiya bututu ne da turke, ba shi ne mai sha ba.

Yanzu ɗauki ɗaya ka bar shi a sarari na 'yan mintuna. Gashin zai kwanta ya manne, ya mutu ke nan. Wannan shi ne dalilin da dashe ke laushi: an fizge shi daga ƙasa, gashin saiwa ya tsinke, ga ruwa a kusa amma babu bakin sha har sai sabo ya fito. Saboda haka idan za ka yi dashe, ka jiƙa wurin renon tukuna, ka ciro tsiron da dunƙulen ƙasarsa, ka dasa da yamma.

Mataki na 2: Ka ga yadda taki ke ƙona shuka

Wannan gwajin awa ɗaya ne. Yanka dankali sala-sala, tsawon yatsa da kaurin fensir, guda shida masu tsawo ɗaya. Sa uku a kofin ruwa zalla, uku a kofin da ka narkar da gishiri cokali biyu. Bayan awa guda ka ciro. Na ruwa zalla sun ƙara tauri, idan ka tanƙwara sai su karye. Na ruwan gishiri sun yi laushi kamar roba, sun ma ɗan rage tsawo.

Ruwa yana bin inda narkakken abu ya fi yawa. A ƙasa mai kyau, ruwan cikin saiwa ya fi na waje kauri, sai ruwa ya shiga. Takin zamani kuwa dangin gishiri ne. Idan ka tara shi wuri ɗaya kusa da saiwa, musamman ƙasa tana bushe, ruwan waje ya fi na ciki kauri, sai lamarin ya juye: ƙasa ce ke tsotse tsiro. Abin da ya sami tumatir ɗina ke nan. Ka maimaita gwajin da cokali biyu na taki a madadin gishiri, za ka ga abu ɗaya, amma ka wanke hannu kuma ka zubar da dankalin inda dabba ko yaro ba zai ɗauka ba.

Mataki na 3: Ka bi hanyar ruwa da kala

Zuba ruwa rabin kofi a kofuna uku, ka ɗiga kala har ruwan ya yi duhu sosai, ɗigo 20 zuwa 30 a kowanne. Rowar kala ita ce kuskure na farko: ruwan da ya yi kyau a ido a kofi, a cikin ganye ba ya nunawa.

Kuskure na biyu wurin yanka ne. Ka nutsar da gindin karan a cikin kwanon ruwa, ka yanke santimita biyu daga ƙasa yana cikin ruwan, yanka ɗaya a karkace, sannan ka ɗauke shi da sauri zuwa kofin kala. Dalili shi ne ruwan da ke cikin kara a miƙe yake kamar igiyar da ake ja. Idan ka yanka a sarari, iska ta kutsa cikin bututun ta toshe shi. Wuƙa marar kaifi ko almakashi kuma suna murƙushe bututun.

Kara na farko ka bar shi da ganyensa, ka ajiye a wuri mai haske da iska. Na biyu ka tsige masa ganye duka, ka ajiye kusa da na farko. Na uku ka bar masa ganye amma ka lulluɓe shi da leda ka kai shi inuwa. Duba bayan awa biyu, da bayan awa shida, da washegari.

Na farko zai riga kowa. A seleri za ka ga jan layi yana hawa, sannan jijiyoyin ganye su rine. Marar ganye da lulluɓaɓɓe za su yi ta jan ƙafa. A nan nake tsayar da ɗalibi in tambaye shi: dukansu ba su da saiwa, to wa ya hau da ruwan? Amsar tana hannunsa. Ganye ne ke ja daga sama. Saiwa tana ɗan turawa, shi ya sa wani lokaci da asuba kake ganin ɗigon ruwa a jere a bakin ganyen masara ko tumatir, amma wannan turin ba shi da ƙarfin da zai kai ruwa saman doguwar bishiya.

Yanzu yanka karan a tsakiya ka dubi fuskar yankan. Kala ba ta rina duk naman ba, ɗigo-ɗigo ta yi. Kowane ɗigo damin bututu ne na hanyar ruwa. A karan masara ɗigon a warwatse suke ko'ina, a wake ko tumatir kuwa zobe suka yi kusa da fata. Ka riƙe wannan bambancin, zai dawo a mataki na biyar. Idan kana da farin fure mai kauri, ka tsaga gindin karansa gida biyu, rabi a ja rabi a shuɗi, furen zai fito rabi da rabi. Yara suna son wannan, amma yana koyar da wani abu na gaske: bututun a miƙe suke, shi ya sa wani lokaci cutar da ta kama saiwa ta gefe ɗaya take busar da gefe ɗaya na tsiro.

Wani ƙarin gwaji da nake so: ɗauki tsiron wake daga mataki na farko da saiwarsa lafiyayya, ba tare da ka ƙuje ta ba, ka tsoma saiwar a kala. Za ka ga kalar ba ta hawa da saurin da ta hau yankakken kara, sau da yawa ma da ƙyar za ka ga alamarta. A cikin saiwa akwai wani zobe na ƙwayoyin halitta mai kama da shingen bincike, duk abin da zai shiga hanyar ruwa sai ya ratsa ta cikinsu. Saiwa ba rariya ba ce, tana zaɓe.

Mataki na 4: Ka kama ruwan da ke fita

Nemo reshe mai ganye da yawa a jikin bishiya ko shukar da ke cikin rana. Zura shi a busasshiyar leda, ɗaure bakin da zare. Bayan awa biyu zuwa uku cikin ledar zai yi gumi, zuwa yamma ruwa ya taru a ƙasanta. Kada ka bar ledar ta wuce yini guda, ganyen zai dahu. Ka ɗaura wata ledar a busasshen reshe marar ganye don kwatanci, za ka same ta kusan yadda ka bar ta.

Don ka auna, sa yankakken reshe mai ganye a kwalbar ruwa, zuba ɗan mai a saman ruwan don kada ya tashi ta nan, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya. Ajiye wata kwalbar da ruwa da mai amma babu reshe. Washegari ruwan mai reshe ya sauka, ɗayan yana nan. Kusan irin wannan awon ne wani masani, Stephen Hales, ya yi a Ingila ya wallafa a 1727.

Ta ina yake fita? Tsinko ganyen wake ko na mangwaro uku masu girma ɗaya. Shafa wa ɗaya basilin a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya ka bar shi haka, ka rataye su a zare. Wanda aka shafa wa a ƙasa shi zai fi daɗewa bai yanƙwane ba, domin ƙananan ƙofofin ganye sun fi yawa a bayansa. Ta waɗannan ƙofofin iskar kabon dayoksaid ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita tururi. Duk ɗigon da ya fita yana jan na bayansa, haka har zuwa gashin saiwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta haka yake tafiya. Da na fara jin wannan na ce asara ce. Daga baya na gane wannan jan ne ke ɗauko ma'adinai, shi ne kuma ke kai ruwa saman bishiyoyin Kalifoniya da suka haura mita 100 ba tare da famfo ba.

Mataki na 5: Ka tare hanyar sukari

Wannan yana bukatar haƙuri da kuma hankali. Zaɓi reshe ɗaya mai kaurin babban yatsa a jikin bishiya mai ɓawo, kamar lemo ko gwaba ko mangwaro, a lokacin da take fitar da sabon ganye, domin a lokacin ɓawo ke saɓulewa da sauƙi. Reshe na ce, ba gangar jikin bishiyar ba. Idan ka kewaye gangar jiki, ka kashe ta. Kuma bishiyar ta zama taka ce ko ka nemi izini.

Yi yanka biyu masu kewaye reshen, tsakaninsu santimita biyu, zurfinsu iya ɓawo. Ɓare zoben da ke tsakani. Ƙarƙashinsa za ka ji wani santsi, ka kankare shi da bayan wuƙa a hankali. Idan ka bar shi, cikin 'yan makonni zai haɗe gibin, gwajin ya tashi a banza. Kada kuma ka shiga cikin itacen da wuƙa, hanyar ruwa tana nan.

Mako na farko ba abin da za ka gani, ganyen reshen kore shar. Wannan kansa shaida ce: ruwa yana hawa ta cikin itace, ba ta ɓawo ba. Daga mako na uku zuwa na shida bakin yankan na sama zai kumbura ya yi tudu, na ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Sukarin da ganye ke aikowa ƙasa ne ya zo ya tarar an datse hanya, ya taru. Wani masani, Marcello Malpighi na Italiya, ya lura da wannan kumburin tun ƙarni na 17.

Daga nan za ka fahimci abubuwa da dama. Bishiyar da dabbobi suka ɓare wa ɓawo kewaye, ko aka ɗaure ta da waya har ta nutse, tana iya yin watanni da ganyenta kafin ta mutu, saboda saiwa ce ke mutuwa da yunwa a ɓoye. Ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a bayan ganye suna barin danƙo, hanyar sukari suke hudawa. Kuma idan ka naɗe wurin yankan da ƙasa mai laima ko garin katako, ka rufe da leda ka ɗaure, a bishiyoyi irin su gwaba da lemo saiwoyi suna fitowa daga kumburin, ka yanke reshen ka samu sabon dashe. Wannan gwajin ba ya yi a dabino ko kwakwa ko masara, domin bututunsu a warwatse suke kamar yadda ka gani a kala, babu zoben da za ka cire.

Mataki na 6: Tukwane huɗu

Wanke yashi sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau, ka cika tukwanen. Uku su kasance da huji a ƙasa, na huɗu ka toshe nasa. Shuka masara uku a kowanne, idan sun fito ka bar biyu. Dukansu wuri ɗaya, rana ɗaya.

Idan sun yi ganye biyu sai ka raba musu abinci. Na farko ruwa zalla. Na biyu ka narkar da ƙaramin cokali ɗaya a shafe na kamfa, wajen giram 5, a lita 5 na ruwa, ka riƙa ba shi wannan sau biyu a mako, sauran ranaku ruwa zalla. Ɗan tsakin da ya ƙi narkewa a ƙasan bokiti ba komai. Na uku ka zuba masa babban cokali biyu na busasshen taki a jikin kara. Na huɗu ka ba shi irin na biyu, amma ka bar ruwa ya kwanta a saman yashin kullum.

Kada ka ƙosa. Ƙwayar masara tana ɗauke da guzurin da zai riƙe tsiron wajen mako biyu, saboda haka na farko da na biyu za su tafi kafaɗa da kafaɗa da fari. Na uku ne zai fara nunawa, cikin kwana biyu ko uku bakin ganyensa ya ƙone. Daga mako na uku na farko zai tsaya, ganyensa na ƙasa su yi ruwan ɗorawa. Na biyu ya wuce su duka.

Na huɗu shi ne malami. Ga ruwa, ga taki daidai gwargwado, amma zai yi rawaya ya tsugune, har yana iya laushi da rana alhali ƙafarsa cikin ruwa take. Tuge shi ka duba: saiwar ta yi ruwan ƙasa, tana wari. Ma'adinai da yawa ba shiga suke yi da kansu ba, saiwa ce ke kashe ƙarfi ta jawo su ciki, kuma wannan ƙarfin sai da numfashi. Ruwan da ya kwanta ya kori iskar oksijin daga ƙasa. Mai shuka ya ga rawaya, ya ce yunwa ce, ya ƙara taki da ruwa, ya ƙarasa shi. A tukunya, yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe shuka a iya abin da na gani.

Ka auna kuma ka ga yashin tukunya ta biyu bai ragu ba duk da girman masarar. Van Helmont, wani masani daga ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya dasa bishiya mai nauyin wajen kilo 2 a ƙasa wajen kilo 90, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa ba ta rasa ko giram 60 ba. An wallafa wannan a 1648. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace, bai san rabon iska ba. A cikin sinadarai 17 da tsiro ke bukata, uku daga iska da ruwa suke, su ne kusan duk jikinsa idan ya bushe. Sauran 14 na ƙasa kaɗan ne a nauyi, sai dai rashin ɗaya yana tsayar da komai, ko sauran sun yi yawa.

Mataki na 7: Karanta ganye

Tambaya ta farko kullum: alamar a tsohon ganye ta fara, na ƙasa, ko a sabo, na sama? Hanyoyin nan biyu ne ke ba da amsa. Wasu sinadaran suna iya shiga hanyar sukari, saboda haka idan sun yi ƙaranci tsiro yana kwashe su daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Wasu kuwa inda hanyar ruwa ta ajiye su nan suke zama, idan sun yanke sabon ganye ne ke shan wahala.

A tsohon ganye: idan duk ganyen ya koɗe ya yi rawaya, naitirojin ne, a masara rawayar tana farawa daga tsini ta bi tsakiyar ganye. Idan gefen ganye ne ya ƙone tsakiya tana kore, fotasiyam. Idan tsiron ya tsugune ganye ya yi duhu da shunayya, fosfaras, ko da yake sanyi ma yana kawo haka, wasu irin masara kuma halittarsu ce. Idan jijiyoyi suna kore tsakaninsu ya yi rawaya, maganiziyam.

A sabon ganye, irin wannan zanen na kore a jijiya rawaya a tsakani sinadarin ƙarfe ne. Sau da yawa yana nan a ƙasar, tsiro ne ya kasa ɗauka saboda ƙasar ta cika kanwa-kanwa. Ana auna wannan da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa: yawancin amfanin gona sun fi ɗaukar abinci tsakanin 6 da 7. Idan ka yawaita toka ko farar ƙasa awon yana haurawa.

Kalsiyam ya cancanci a tsaya a kansa. Ta hanyar ruwa kaɗai yake tafiya, yana bin inda ake ja. Ganye yana ja da ƙarfi, 'ya'ya ba sa ja sosai. Shi ya sa idan ban ruwa ya zama yau ambaliya gobe fari, ƙasan 'ya'yan tumatir da barkono ke yin baƙin tabo ya lotsa. Mutane suna ta fesa maganin ƙwari. Maganin shi ne daidaita ban ruwa da rufe gindin shuka da ciyawa don laima ta zauna.

Kafin ka yanke hukuncin yunwa ce, ka tona gefe ka dubi saiwa, ka juya ganye ka nemi ƙwari. Ruɓaɓɓiyar saiwa tana kwaikwayon kowace irin yunwa.

Mataki na 8: Zuba taki yadda zai shiga

Ƙasa ta kasance da laima kafin ka fara, bayan ruwan sama ko ban ruwa. Idan ta bushe, ka jira ko ka jiƙa. Idan ruwa ya kwanta, ka jira ma.

Ga shuka irin masara ko tumatir, yi rami da tsinken itace santimita 5 zuwa 8 daga kara, zurfin wajen santimita 5, zuba, rufe. Ga bishiya, ka bar gindi, ka tafi inda inuwarta ke ƙarewa da tsakar rana, ka yi kewaye a nan, can ƙananan saiwoyi masu gashi suka fi yawa.

Kowane sinadari da halinsa a ƙasa. Fosfaras kusan ba ya motsi daga inda ka sa shi, saboda haka shi ake binnewa da wuri, lokacin shuka ko jim kaɗan bayanta, inda saiwa za ta iske shi. Watsa shi a sama bayan shuka ta girma ɓarnar kuɗi ce. Naitirojin akasin haka ne, yana bin ruwa ya wuce ƙasan saiwa, musamman a ƙasa mai yashi, don haka a raba shi kashi biyu ko uku. Yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, tana da wata matsalar: idan aka bar ta a sarari tana zama iskar amoniya ta gudu. A binne ta, kuma kada a gauraya ta da toka ko farar ƙasa, suna ƙara mata gudu.

Idan babu takin zamani, takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye suna yi, har sun fi shi gyara ƙasa ta riƙe ruwa da iska. Amma ka'idar ba ta canza ba: sai ƙananan halittun ƙasa sun ruɓar da shi ya narke sannan saiwa ta sha. Ka sa shi makonni kafin shuka, kuma ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa kamar tukunya ta uku, ɗanyen garin katako da aka cuɗa da ƙasa kuma yana sa shuka rawaya na ɗan lokaci, domin masu ruɓar da shi suna riga saiwa kwashe naitirojin. Wake da gyaɗa da waken soya ba sa bukatar yuriya da yawa. Tuge ɗaya mai wata guda da rabi, za ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa, ka fasa ɗaya da farce: idan cikinsa ja-ja ne, baktiriyar da ke ciki tana ɗauko masa naitirojin daga iska.

Takin fesawa a ganye yana da amfani ga sinadaran da ake bukata kaɗan, kamar ƙarfe da zinc, idan ƙasa ta riƙe su. A fesa da sassafe ko da yamma, a jiƙa bayan ganye, a bi awon da ke jikin kwalba ba ƙari. Ba ya maye gurbin abin da saiwa ke sha.

Bayan ka zuba, ka ɗaura zare a ganye mafi sabunta a tsiro biyu ko uku, ka rubuta ranar. Ganyen da ya riga ya bushe ko ya gama yin rawaya ba zai dawo ba, kada ka tsaya kallonsa ka ce takin bai yi ba ka ƙara wani. Waɗanda suka fito saman zaren su za ka duba bayan kwana bakwai zuwa goma. Idan sun fito kore da faɗi, ka bar shukar haka. Idan har yanzu a koɗe suke, ka koma ka tona gefen saiwa kafin ka sake buɗe buhu.